Wai da gaske ne a Komoros ango ne ke tarewa gidan amarya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, na ji wai a tsibiran Komoros miji ne ke komawa gidan matarsa, kuma Musulmi ne. Ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, toh da gaske ne kam, musamman a Ngazidja, babban tsibirinsu inda Moroni, babban birnin ƙasar, take. Uba ne ke gina wa 'yarsa gida, sau da yawa da taimakon kawunta, tun tana ƙarama za ki ga an fara kafa bulo kaɗan kaɗan, wani ginin ya yi shekaru ba rufi ana jiran kuɗi. Ranar biki ango ne ake rakowa da kayansa. In aure ya mutu kuwa shi zai tattara komatsansa ya koma gidan uwarsa ko na 'yar'uwarsa, ita da yara suna nan daram.

Akwai kuma filayen da suke kira manyahuli, daga uwa zuwa 'ya'ya mata suke tafiya, ba a saka su cikin rabon gado. Mutanen 'yan Shafi'iyya ne fa, suna da alƙalansu, amma wannan filin ana ɗaukarsa na zuri'a ne, ba mallakar mamaci shi kaɗai ba balle a raba. Malamai sun daɗe suna muhawara a kai, ni ba fatawa na zo bayarwa ba.

Amma kar ki ɗauka mata ke mulkin gari. Gidan na mace ne, maganar gari ta maza ce, kuma kawu shi ne ƙashin bayan komai, don namiji ƙarfinsa a dangin uwarsa yake, shi ke kula da filayen 'yan'uwansa mata, shi ke tsayawa kan auren 'ya'yansu. Sannan in mutum bai yi babban aure ba, wanda suke ce wa anda, ko furfura ta cika masa kai yaro ake ɗaukarsa, ba ya zama sahun gaba a masallaci, ba shi da ta cewa a dandalin gari. Bikin nan na cin dukiya ba kaɗan ba, zinare, shanu, ciyar da gari guda kwana da kwanaki, shi ya sa da yawa ke shafe shekaru suna aiki a Marseille ta Faransa suna tarin kuɗinsa.

Turawan Faransa sun yi mulkinsu sun tafi a 1975 abin yana nan. Shugaba Ali Soilihi da ya hau a 1976 ya yi yunƙurin hana andan, a ganinsa almubazzaranci ne da ke danne matasa, ya saki samari 'yan juyin juya hali kan dattawa. A watan Mayun 1978 sojojin hayar wani Bafaranshe mai suna Bob Denard suka kifar da Soilihi, aka kashe shi, bukukuwan suka dawo. Har yau lokacin hutun Yuli da Agusta in 'yan Marseille sun dawo gida kusan kowane ƙauye a Ngazidja kiɗa ke tashi.