Jika ya kwashe wa kakarsa kuɗi da katinta: me doka ta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mahaifiyarmu ta tsufa, idonta ya yi rauni, don haka ɗan yayata mai shekara 23 take aika da katin ATM ya ciro mata kuɗin cefane. Watan jiya ta aike shi, ya dawo ya ce babu kuɗi. Da muka je banki sai muka ga an cire naira dubu 640 cikin kwana tara a wajen masu POS. Ya amsa shi ne, amma wai ai ita ta ba shi lambar sirrin. Yayata sai kuka take, 'yan uwa suna cewa a rufa asiri. Wane hukunci ne a kansa, kuma kuɗin zai dawo?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya mayar mata da alheri.

Bari in fara da hujjar da yaron ya kafa, domin ita ce ake yawan kawowa. Ba shi lambar sirri don ya ciro dubu goma ba izini ba ne na ya kwashe abin da ke asusun. Izinin Hajiya ya ƙare a kan adadin da ta faɗa. Duk kwabon da ya wuce nan, da nufin cuta aka ɗauke shi, kuma hasali ma amanar da aka ba shi nauyi take ƙara wa laifin.

A Najeriya akwai dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 33 ya yi magana kai tsaye a kan katin banki: wanda ya yi amfani da kati da nufin zamba ya samu kuɗi ko kaya, zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 7 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, sannan ya biya mai katin abin da ya yi asara. Satar katin kansa laifi ne daban, ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 1. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'a a ƙarƙashin wannan doka.

A aikace dai, ƙara irin wannan ta cikin gida takan tsaya ne a kotun majistare ƙarƙashin dokar final kot (Penal Code, dokar hukunta laifuffuka ta jihohin Arewa), inda sata ke jawo ɗaurin da ya kai shekara 5, cin amana kuma shekara 7. Ki lura, waɗannan duk iyaka ce ta sama. Alƙali yakan duba ko laifin farko ne, ko an amsa, ko an fara biya. Idan kuma kotun shari'ar Musulunci aka je, malamai ba sa ɗaukar wanda aka damƙa wa abu da hannu ya ci a matsayin ɓarawon da ake yi wa haddi. Ha'inci ne, hukuncinsa ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace, da biyan dukiya.

Maganar banki kuwa, ba zan ɓoye miki ba, da wuya ya biya. Katin na gaske ne, lambar daidai ce, mai asusun ce ta bayar. Duk da haka ki kai Hajiya da kanta, don banki ba zai saurare ki ba tare da ita ba. A toshe katin yau, a karɓi takardar bayanan asusu mai hatimi, wadda ke nuna rana, lokaci da wajen mai POS ɗin da aka cire. Ku kuma duba wayarta. Na sha ganin tsohuwa da 'yar wayarta ƙulle a bakin zane, ba ta karanta saƙo, wanda ke cire kuɗin shi ne mai karanta mata alat, yana gogewa kafin ya miƙa mata. Idan haka aka yi, a mayar da alat ɗin kan layin da wani amintacce zai gani.

Yanzu sai zaɓin da ke gabanku, kuma na Hajiya ne, tun da dukiyarta ce. Idan aka kai ƙara wajen 'yan sanda, magana ta bar hannunku, ta zama tsakanin hukuma da yaron. Ba za ku wayi gari kawai ku ce kun janye ba. In ta shiga kotu, sasantawa sai da yardar alƙali. Yaron yana da haƙƙin lauya kafin ya rubuta bayani, beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma doka ta hana a kama uwarsa a madadinsa. Ki faɗa wa yayarki wannan, hankalinta zai ɗan kwanta.

Ni a ganina, tun da ya amsa, ku fara da sulhu, amma ba irin na "a yi haƙuri, jini ɗaya ne" ba, wanda tsohuwa ce kaɗai ke asara a cikinsa. A zauna gaban mai unguwa ko a ofishin Hisba, a rubuta adadin kuɗin, da yadda zai riƙa biya kowane wata, da wanda ya tsaya masa, ya sa hannu gaban shaidu biyu. In ya sayi waya ko babur da kuɗin, a sayar a rage bashin tun ranar. Kada a yi masa duka ko barazana kafin ya sa hannu, domin takardar da aka samu ta tilas ba ta da ƙarfi a kotu.

In ya saɓa alkawari, wannan takarda da bayanan banki sun isa Hajiya ta shigar da ƙarar neman kuɗinta, kuma ƙofar 'yan sanda tana nan a buɗe. Kafin nan, sabon katin da za a karɓa ya zauna a hannunki, a sa masa iyakar abin da za a iya cirewa a rana.