Hukuncin wankan giyar inabi da shiga ɗakin gishiri ga matafiyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a nan Abuja. An tura ni taron kwana shida a birnin Krakow na ƙasar Poland, zan kuma tafi da maiɗakina. Otel ɗin da na kama ta intanet ya haɗa mana da wani shirin hutawa: wanka a kwami mai ruwan ɗumi da aka zuba wa giyar inabi, sai zaman minti 45 a ɗakin gishiri. Sun ce wankan yana gyara fata, gishirin kuma yana buɗe ƙirji, ga shi uwargida tana fama da asma, duk hunturu sai ta jigata. Ba sha za mu yi ba, kuma na riga na biya kuɗin. Mene ne hukunci, yaya kuma batun sallarmu?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya kai ku lafiya, ya ba uwargida sauƙi.

Abu biyu ka haɗa, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne. Ɗakin gishiri halal ne bisa 'yan sharuɗɗa. Wankan kuwa, in dai giya ce ta gaske ake tuttulawa a ruwan, haramun ne ko da ɗigo bai shiga bakinka ba. Sai dai ba duk abin da ake tallatawa da sunan wankan giya ne ke ɗauke da giya ba, don haka sai an fara sanin abin da ke cikin kwamin.

Wannan sana'a ta yi suna ne daga yankin Bordo na Faransa, inda masu kamfanin Caudalie suka buɗe wurin hutawa a cikin gonar inabi a 1999. Su ba giya suke zubawa ba. Sinadaran da aka tatso daga ɓawon inabi da 'ya'yansa da ganyensa suke amfani da su, saboda sinadarin da ke sa maye busar da fata yake yi. Amma akwai wuraren da kwalabar giya ake buɗewa a gaban idonka, kamar wurin wanka na Yunessun a garin Hakone na Japan. A otel-otel kuwa yawanci ana cika kwami mai cin lita 150 zuwa 200 da ruwan da ɗuminsa bai wuce maki 37 ko 38 a ma'aunin Celsius ba, a juye kwalba ɗaya ko biyu ta jar giya, ruwan ya koma ja kamar zoɓon da aka tsinka, mutum ya jiƙa jikinsa na kimanin minti ashirin. Sau da yawa ana ajiye masa kofin giyar a gefe. Kashi na uku su ne masu cewa giya ce amma an cire mata abin mayen.

Game da giya ta gaske, Allah Maɗaukaki ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, sannan ya ce "fajtanibuhu", ku nisance shi. Wanda ya tuɓe ya kwanta a cikinta bai nisance ta ba. A Sahihu Muslim, Ɗariƙ bin Suwaid ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa don magani yake haɗa ta, sai ya amsa masa: "Ba magani ba ce, cuta ce." To idan neman waraka bai halatta ta ba, ina ga neman sheƙin fata? Malamanmu na Malikiyya ma sun toshe wannan ƙofa da sunanta. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce giya tana halatta ga wanda aka tilasta wa, da wanda loma ta sarƙe shi bai sami abin haɗiye ta ba, sannan ya ce "la dawa'in wa lau ɗila'an": ba a yin magani da ita ko da shafawa ne a jiki. Wanka kuwa ya fi shafawa.

Malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo cewa labari ya kai wa Sayyidina Umar cewa Khalid bin Walid ya cuɗa jikinsa a gidan wanka da wani haɗi da aka kwaɓa da giya. Sai ya rubuta masa cewa Allah ya haramta giya ciki da waje, kada su bari ta taɓa jikinsu. Akwai magana a kan isnadin wannan labari, ba kuma a kansa muka gina hukunci ba, amma ya nuna mas'alar ba baƙuwa ba ce a wurin magabata.

Na san abin da za a ce: ai an tsinka ta, ba ta sa maye. Lissafin gaskiya ne. Kwalba mai mililita 750 wadda abin mayenta ya kai kashi 13 cikin ɗari, in aka juye ta a lita 150, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kafin ta shiga ruwan giya ce cikakkiya, da kuɗinka aka saye ta, dominka aka buɗe ta. Hadisin Anas a wurin Tirmizi da Ibn Majah ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, a cikinsu har da mai sayenta da wanda aka saya dominsa. Sannan tsinkawa daban, rikiɗewa daban. Giyar da ta koma khal, wato ruwan tsamin nan na inabi, ta canza zatinta, mai tsarki ce. Wadda aka zuba wa ruwa tana nan a giyarta. Ɗumin wankan ma ba ya kore abin mayen, domin sai a maki 78 yake tafasa. Kuma ƙa'idar ruwa a mazhabarmu sananniya ce: najasa in ta canza launin ruwa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, ruwan ya zama najasa komai yawansa. A nan kuwa da gangan ake son launin da ƙamshin su fito, su ake sayarwa.

Gaskiya ne akwai malaman da ba su ɗauki giya najasa ba: Rabi'a malamin Imamu Malik, da Laisu bin Sa'ad, da Muzani, daga baya kuma Shaukani da Ibn Usaimin. Hujjarsu ita ce sahabbai sun kwarara ta a titunan Madina ranar da aka haramta ta. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan najasarta. Amma ko ka bi waɗancan, abin da ka samu kawai shi ne sallarka ba ta ɓaci ba. Babu ɗayansu da ya halatta maka ka sayi giya ka yi wanka da ita.

Kashin da babu giya a ciki, irin su man 'ya'yan inabi, garin busasshen ɓawo, ruwan ganye, ko ɗanyen ruwan inabin da bai tsimu ba, duk halal ne masu tsarki. A jikin mazubi za ka ga an rubuta Vitis vinifera, sunan itacen inabi ne kawai, kada ya firgita ka. Wuri ɗaya ake lura: ɓawon jan inabi tare da ruwan yake tsimuwa kafin a matse, don haka in jiƙaƙƙe ne daga masana'anta yana ɗauke da giya. In an busar da shi an niƙa, mayen ya tafi, babu laifi. Wadda aka ce an cire mata maye kuwa, asalin mazhaba shi ne najasar tana tafiya da tafiyar mayen, amma malaman zamani sun yi saɓani a kanta, kai kuma ba ka da hanyar tabbatarwa sai abin da mai talla ya faɗa. Shawarata ka bar ta.

Abin yi shi ne ka rubuta wa otel ɗin tun kana Abuja. Kada ka tambaye su ko halal ne, ba su san me kake nufi ba, za su ce maka lafiya lau. Ka tambaye su me ake zubawa a ruwan, daga wane mazubi, kashi nawa ne na abin maye a ciki, su turo maka hoton takardar jikinsa. In giya ce, ka nemi su canza maka da wankan gishiri ko na ganye, ko su mayar da kuɗin wannan ɓangaren. A wurin malamanmu cinikin da ya haɗa halal da haram a dunƙule ɓatacce ne in an san da haramcin, saboda haka nan gaba kada ka sayi irin wannan haɗin sai an ware. Wanda ya wuce ka yi shi cikin rashin sani. In sun ƙi mayarwa, ka bar musu, kada kuma ka ba abokin tafiya kyautar tikitin ko da ba Musulmi ba ne. Ka gaya musu kada a kawo kofin giya inda kuke. Hadisin Jabir a Tirmizi ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma a hadisin nan dai aka hana shiga gidan wanka ba tare da gyauto ba.

Wanda ya riga ya yi irin wannan wanka, tuba ce a kansa da wanke najasa. Ba wankan janaba ba ne, ba ya buƙatar niyya ko ƙidaya. Ya kwarara ruwa mai tsarki a jikinsa har ya ga ruwan yana sauka garau, babu ja babu wari. Mace ta tabbatar ruwan ya ratsa kitsonta. A wanke tawul da kayan da aka shiga ruwan da su, har ƙarƙashin zobe da igiyar agogo. Wasu wuraren kan ce kada a ɗauraye jiki sai bayan wasu awoyi don abin ya ratsa fata, to nan sallar mutane ke lalacewa. Wanda ya yi salla da najasar yana sane kuma yana da ikon wankewa, ya rama ta ko bayan shekara ne. Wanda ya manta, an so ya sake matuƙar lokaci bai fita ba: azahar da la'asar zuwa fatsi-fatsin rana, magariba da lisha zuwa fitowar alfijir, asuba zuwa hudowar rana. Miji da mata su yi wanka tare halal ne. Tausa kuwa namiji ga namiji, mace ga mace, ba a buɗe ko taɓa abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa.

Sai ɗakin gishiri. Neman magani da abu mai tsarki halal ne, Annabi (SAW) ya ce "Ku nemi magani, ya ku bayin Allah." Na otel ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da tubalan gishiri, sau da yawa jan gishirin da ake haƙowa a Khewra ta Pakistan, aka barbaza wani a ƙasa. Ainihin aikin wata na'ura ce ke yin sa, tana niƙa tsantsar gishiri ya yi laushin da ido ba ya gani, tana busa shi cikin iskar ɗakin. In babu na'urar, ado kawai ka biya. Da tufafinka ake shiga, a kishingiɗa a kujera cikin haske kaɗan. Tunda akan haɗa maza da mata, ku nemi lokacin da ku biyu ne kawai. In bai samu ba, uwargida ta shiga da cikakkiyar suturarta a gefenka, kada a bar ta ita kaɗai da ma'aikaci namiji a rufaffen ɗaki. Maganar da wasu ke yi cewa gishirin yana korar mugun abu daga jiki ko gida, camfi ne, kada a ƙudurce shi.

Kogon gishiri na gaske yana kusa da ku, ma'adinin gishiri na Wieliczka da ke wajen Krakow. A can ne wani likita mai suna Feliks Boczkowski ya lura a ƙarni na 19 cewa masu haƙar gishiri ba su cika ciwon huhu ba, har yau kuma akwai wurin jinya mita 135 a ƙarƙashin ƙasa. Masu yawon buɗe ido suna fara sauka ne ta matakala 380, abin da mai asma ya kamata ta sani tun kafin ta sa ƙafa. A ciki akwai coci-coci da gumakan da aka sassaƙa da gishiri, kada ku yi salla a waɗannan wurare.

Ta fuskar lafiya, binciken likitoci bai tabbatar da cewa zaman ɗakin gishiri yana warkar da asma ba. Ƙurar gishirin ma tana iya tayar da tari ta matse hanyar numfashi. Likitoci da kansu suna sa mutum ya shaƙi feshin ruwan gishiri mai ƙarfi don su gane ko yana da asma. Saboda haka ta ga likitanta kafin ku tashi, ta shiga da abin shaƙarta a hannu ba a jakar da aka kulle a waje ba, ta fito da zarar ƙirji ya fara kamawa. Ba a shiga da zazzaɓi, ko tarin fuka, ko ana cikin tashin ciwon. Barin maganin likita don dogaro da gishiri jefa kai ne cikin cuta, shari'a ba ta yarda da shi ba.

Mai azumi kada ya shiga da rana. Ƙurar hanya an yi rangwame a kanta don ba a iya kauce mata, amma wannan da gangan ake shaƙa, ana kuma jin ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro. Hukuncinsa hukuncin hayaƙin turaren wuta ne da aka shaƙa da gangan, akwai ramuwa. Taimama a kan gishiri tana inganta in yana ma'adininsa ba a ɗauke shi ba, kamar bangon Wieliczka, ga wanda ya rasa ruwa ko ya kasa amfani da shi. Tubalan da aka yanko aka sayar aka manna a bangon otel ba a taimama da su.

Batun salla kuwa, ka ce kwana shida za ku yi. A mazhabar Malik wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, don haka ƙasaru a hanya ne kawai, tafiya da dawowa. Da kun shiga Krakow sai ku cika salla, kowace a lokacinta. Ka duba jadawalin lokutan garin kafin ka zaɓi awar shiga ɗakin, domin da sanyi rana kan faɗi a can tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, zaman minti 45 da canza kaya na iya cinye la'asar gaba ɗaya.

Wallahu a'alam.