Ciwon daskarewar jini, haki da dashen ƙoda

'Yar'uwa, Allah ya ba maigidanki lafiya. Kin ce yana wankin ƙoda, ana shirin yi masa dashe, sai gwaji ya nuna yana da APS, wato ciwon da ke sa jini yawan daskarewa, ga kuma hakin da ya ƙi barinsa tun da jini ya taɓa daskare masa a ƙafa. Kina tambaya ko aikin zai yiwu.

Ni ma da ciwon nake zaune shekara da shekaru. Garkuwar jiki ce ke juyawa, ta ƙera sinadaran da ke sa jini gudajewa cikin jijiyoyi. Likita Graham Hughes ne ya bayyana shi a Landan a 1983. Gwajinsa kala uku ne, kuma ba a yanke hukunci sai an maimaita bayan mako 12 an sake gani.

Hakin nan ya fi tsaya min a rai. Gudan jini in ya ɓalle daga ƙafa, huhu yake nufa. Galibi yakan narke da magani, amma a wasu sai ya ƙandare ya tsuke hanyar jini, hawan jinin huhu ya biyo baya, ɓarin dama na zuciya ya yi ta wahala. Ni an daɗe ana ce min asma ce, ga shi hawa bene ma gagarata yake yi. Wanda ya yi wata 3 kan maganin tsinka jini bai daina haki ba, ya kamata a yi masa hoton zuciya da na yadda jini ke ratsa huhu. Masu wankin ƙoda kuwa, da sauƙi a ɗora laifin kan ƙarancin jini ko taruwar ruwa a wuce wurin. In ya yi tari da jini, ku nufi asibiti nan take.

Shi dashen ana yi. Abin gudun shi ne jijiyar sabuwar ƙodar ta toshe a kwanakin farko, a yi asararta. Don haka likitan jini da masu tiyatar su zauna tun kafin ranar: yaushe za a tsayar da warfarin, wato ƙwayar tsinka jini, yaushe allurar heparin, wadda ita ma tsinka jinin take yi, za ta karɓa, yaushe za a koma kan warfarin ɗin.

Kada kuma wani ya canza masa zuwa rivaroxaban, wani maganin tsinka jinin, wai don ya huta da INR, gwajin jinin da ake yi wa masu shan warfarin a kai a kai. A 2018 an fitar da sakamakon wani bincike na Italiya da aka dakatar tun kafin lokacinsa, domin a cikin waɗanda gwaji ukun duk ya nuna suna da ciwon, masu shan rivaroxaban sun fi masu warfarin samun toshewar jijiya. Ki tambayi likitansa guda nawa ne suka nuna a nasa.