Amsa ga Sistar da jinyar tsofaffi masu ciwon mantuwa ta gajiyar

Wa alaikumus salam Sista, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a Ingila, ɓangaren masu ciwon mantuwa, awa 12 a rana, yanzu ko kin yi barci jiki ba ya warwarewa, har kin fara jin haushin tsofaffin da a da kike tausaya wa. Kina tambaya ko ki ajiye aikin.

Kada ki yi gaggawa, kuma kada ki ɗauka zuciyarki ce ta bushe. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa, alamominsa uku: ƙarewar ƙarfi, aiki ya fita ran mutum, da ganin ba ya tsinana komai. Tunda yanayin aikin ne sila, hutun mako guda ba ya kawar da shi. Kina dawowa za ki tarar da abin da kika bari.

Ki fara duba inda ƙarfinki ke tafiya. A irin wannan sashe yawanci tsakanin la'asar da isha ne. Rana na yin sanyi sai rikicewa ta ƙaru, tsohuwa ta ɗauki jakarta ta tsaya bakin ƙofa wai za ta ɗauko yara daga makaranta, ga abincin dare, ga rabon magani, duk a lokaci guda. Kika ce mata "ai 'ya'yanki sun girma", kin buɗe gardamar da ba za ki ci ba. Mafi muni a ce wa mai neman mijinta ya rasu, don duk faɗa sabuwar rasuwa ce a wurinta. Ki tambaye ta sunan yaran, ki taka tare da ita zuwa ƙarshen baranda, ki miƙa mata shayi ko tawul ta ninke. Minti biyar ke nan, gardama kuwa sai ta ci rabin awa da ma'aikata biyu. A kunna fitilu kafin duhu, a ja labule, a kashe talabijin. Da hunturu can ƙarfe huɗu gari ya fara duhu, sai a matso da komai.

In tsoho mai natsuwa ya birkice cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce ciwon ne ya ƙaru. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya. A duba cutar mafitsara, taurin bayan gida, riƙewar fitsari, ƙarancin ruwa a jiki, sabon magani, da ciwon da ba ya iya faɗa. Ma'aunin PAINAD ko na Abbey zai nuna miki ciwo ta fuska, numfashi da ƙanƙame jiki. Da yawan masu kai duka lokacin canza kaya, gwiwa ko ƙugu ke musu ciwo, in likita ya rubuta farasitamol a kan lokaci sai a ga sauƙi. Maganin kwantarwa irin risperidone kuwa ba hutu ba ne ga nas. Yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa izininsa a wannan ciwo bai wuce mako shida ba, kuma tsohon da magani ya kwantar ya fi wuyar ɗagawa, ya fi faɗuwa, ya fi sarƙewa da abinci.

Wanka ma haka. A ɗumama ɗaki, a rufe shi da tawul a riƙa buɗe inda ake wankewa kawai, mutum ɗaya ya yi magana, ta gaba ba ta baya ba. Ya ƙi, a bar shi minti 20 a dawo.

Sai dai duk dabararki ba za ta maye gurbin ma'aikacin da babu ba. Nan ne mutanenmu ke cutar kansu: shiru don tsoron biza, da karɓar kowane ƙarin aiki saboda ana jiran aike a gida. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ba ki hutun awa 11 tsakanin aiki da aiki, minti 20 in aikin ya wuce awa shida, awa 24 a mako ko 48 a mako biyu, kuma matsakaicin aikin mako kada ya wuce awa 48. Ki duba takardun da kika sa wa hannu ranar farko, da yawa akwai ta yafe iyakar awa 48 ɗin a ciki. Kina da damar janye ta a rubuce, da sanarwar kwana bakwai, ko abin da aka rubuta a ciki, amma ba ya wuce wata uku.

Duk ranar da ma'aikata suka gaza, duk hutun da ba ki samu ba, duk duka ko cizo, ki cike takardar rahoto: rana, lokaci, ma'aikata nawa, tsofaffi nawa, abin da ya makara saboda haka. Ƙorafin baki a ofishin manaja iska ce. Rubutun ne zai kare lasisinki a gaban NMC, hukumar da ke yi wa nas-nas rajista, ranar da wani ya faɗi, shi ne kuma abin da CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da tsofaffi da asibitoci, za ta nema in kin kai ƙara. Kada ki ɗaga wanda tsarin kulawarsa ya ce mutum biyu ke kaɗai, ko da kowa na yi, in baya ya taɓu ke za a ɗora wa laifi. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago, RCN ko UNISON, tun kafin matsala, don ba kasafai suke karɓar shari'ar da ta riga shigarki ba.

In rashin barci ya haura mako biyu, ko kuka ba dalili, ko kuskuren magani ya fara, ko kin ji hannunki na neman yi wa tsoho tsauri, ki ga likitanki a makon nan. Kwana bakwai na farko na rashin lafiya ba sai da takardar likita ba. Tunanin cutar da kai kuwa ba a kwana da shi, ki kira 111, layin neman taimakon lafiya, in da gaggawa 999.

In kin yi duk wannan wata biyu ko uku shugabanni ba su motsa ba, gidan za ki canza, ba sana'ar ba. Amma ki samu sabon mai ɗaukar nauyin bizarki tukuna. In kika ajiye haka kawai, yawanci kwana 60 ake bayarwa ki samu wani mai ɗaukar nauyin ko ki bar ƙasar, kuma ki karanta sharaɗin mayar da kuɗin ɗauko ki da ke cikin kwantiraginki kafin ki miƙa takarda.