Digiri na biyu a ilimin halayyar masu koyo: dole sai na iya ƙididdiga?

Ɗan'uwa, ka ce kana son yin digiri na biyu a ilimin halayyar koyo da koyarwa, amma ƙididdiga na ba ka tsoro. Gaskiya ba za ka tsallake ta ba. Tun asali a kan awo aka gina fannin. Edward Thorndike, masani ɗan Amurka wanda ya fitar da littafinsa a kai a 1903, mutum ne mai son auna komai.

Sai dai kwamfuta ce ke yin lissafin, da manhajar SPSS ko R. Naka shi ne ka san me adadin ke nufi. A ce ka shirya tambayoyi don auna fargabar jarrabawa. Sai ka fara gwada su a kan ɗalibai kaɗan, ka duba ko tambayoyin suna tafiya tare. Ma'aunin alfa na Cronbach ke nuna haka, galibi ana son ya kai 0.7. In ka ga masu fargaba sun fi faɗuwa, kada ka yi saurin cewa fargabar ce ta kayar da su. Wataƙila rashin shiri ne ya haifar da duka biyun. A irin wannan gaɓa na ga ɗalibai da yawa suna yin tuntuɓe ranar kare aikinsu.

Ra'ayoyin Piaget da Vygotsky kuwa, masana yadda yara ke koyo, karatu ne kawai, za ka iya. Ka nemi littafin ƙididdiga na masu farawa tun kafin a ba ka gurbi, sannan ka zaɓi malami mai duba aiki wanda ke amsa saƙo.