Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Adadin C Yake Canza Mini?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin sinadarai, ina aiki da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke gauraye cikin ruwa. Na auna samfurina a gudun ruwa iri takwas, na ɗora sakamakon kan lissafin van Deemter don in fitar da C, wato jinkirin da sinadari ke yi wajen shiga da fita ƙwayoyin silika na cikin kolum, bututun da ake rarrabe sinadaran a cikinsa. Duk sanda na maimaita, wata lamba daban nake samu. Ina na kuskure?

Amsa: 'Yata, wannan abu ya daɗe yana damuna da ɗalibaina. Lissafin da van Deemter da abokan aikinsa suka fitar a 1956, H = A + B/u + Cu (H ma'aunin yadda samfuri ke bajewa a kolum ne, u gudun ruwa, A bajewar da bambancin hanyoyin ruwa tsakanin ƙwayoyi ke jawowa, B kuma yaɗuwar sinadari da kansa a tsawon kolum), abu uku yake ɗauke da su, ke kuma kina so layi ɗaya ya ba ki ukun gaba ɗaya. Kwamfuta za ta ba ki, amma in ta ƙara wa A sai ta rage wa C. Ki auna kowanne shi kaɗai.

Fara da na'urar kanta. Cire kolum, haɗa bututun biyu kai tsaye, ki zuba samfuri. Faɗin tudun da kika gani a zanen da na'urar ta fitar, na bututu ne da allurar zuba samfuri da ditekta mai gano sinadari. Ki cire shi daga na kolum, amma murabba'in faɗin ake cirewa, ba faɗin kansa ba. A nan na fi kama ɗalibai.

Sai B, wanda nake jin daɗin auna shi. Bari samfuri ya kai tsakiyar kolum, ki kashe famfo, ki bar shi awa ɗaya, sannan ki kunna. Maimaita da awa 2, 4 da 8. Za ki ga tudun yana ƙara baje wa, alhali ruwa bai motsa ba. Murabba'in faɗin nan yana ƙaruwa daidai da lokacin tsayawar, daga nan B ke fitowa. Masana Knox da McLaren sun yi wannan da iskar gas a 1964. Haƙuri ake yi, don ƙaramin sinadari a ruwa yana yaɗuwa da kusan 10⁻⁵ cm²/s, kimanin sau 10,000 ƙasa da na gas.

Abin da ya rage A ne da C. Masanin sinadarai Giddings ya nuna cewa A ma yana ƙaruwa da gudun ruwa, don haka wani ɓangare na abin da kike kira C nasa ne. Ki gwada da girman ƙwaya: C na gaskiya yana bin murabba'insa, daga maikiron 5 zuwa 2.5 ya kamata ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ki kuma kula da zafin kolum, don matsi mai yawa yana ɗumama ruwan. In tudunki na da jela, kada ki yi amfani da lissafin 5.54 da ke auna ingancin kolum daga faɗin tudu a rabin tsawonsa, zai yi miki ƙarya.