Amsar tambayar bakin diril mai ruwan gwal

Salamu alaikum jama'a. To ɗan'uwa da ka tambaya wai wannan rufin mai ruwan gwal na jikin bakin diril ta yaya ake auna ƙarfinsa, tunda ba za a ɓare shi a sa a inji a ja ba, to ga yadda abin yake. Shi rufin nan titanium nitride ne, kaurinsa ɗan maikiron biyu zuwa huɗu ne galibi (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), gashin kai kuwa wajen maikiron 70, ka ga ai maganar ja ba ta ma taso ba.

Dannawa ake yi. Tun 1921 a kamfanin Vickers na Ingila suke danna lu'ulu'u mai tsini a jikin ƙarfe, sai a leƙa ramin da madubin ƙara girma, in ramin ƙarami ne to abin na da tauri. Amma da aka zo kan abu siriri sosai irin wannan rufin, ramin ma ba ya ganuwa da kyau, shi ne aka bar wa na'ura aikin, ita ke rubuta nauyin da ta ɗora da zurfin da tsinin ya shiga, yana shiga tana rubutawa yana fitowa tana rubutawa, nanomita bayan nanomita (nanomita dubu ne ke yin maikiron ɗaya). Tsinin Berkovich aka fi sawa, mai fuska uku, don fuska uku dole su haɗu wuri guda, huɗu kuwa sai an sha wuya. Lissafin da kusan kowa ke bi yanzu don fitar da taurin daga wannan awon na wasu masana biyu ne, Oliver da Pharr, 1992.

Sharaɗi ɗaya, kar tsinin ya wuce kashi 10 cikin 100 na kaurin rufin, in ya wuce to ƙarfen ƙasa ka fara aunawa. Kuma na'urar akwai tsirfa wallahi, girgizar bene ko zafin ɗaki ya ɗan motsa sai awon ya lalace.

Inda nake so a kula, ƙaramin abu ya fi babbansa ƙarfi, don babu wurin da aibi zai ɓuya a cikinsa. A 1956 wani masani mai suna Brenner ya ja siraran zaren ƙarfe ya samu wajen gigafaskal 13 (gigafaskal ma'aunin ƙarfin da abu ke iya jurewa ne), rodin gini kuwa wajen rabin gigafaskal yake fara ba da kai. Haka graphene, wato fallen carbon mai kaurin atom ɗaya, a 2008 a jami'ar Kolumbiya ta Amurka masu bincike suka danna shi da tsini suka samu gigafaskal 130. Masu turo mana cewa ya ninka ƙarfe sau ɗari ba ƙarya suka yi ba, amma fa a kan ɗan fallen da faɗinsa bai kai maikiron biyu ba aka auna, in aka yi babban falle da tsaga da mahaɗa a jiki lambar sauka take yi sosai.